"Akwai tabo a huhu": abin da likita ke karantawa a hoton ƙirji

Gidaje da yawa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suna da irin wannan babbar ambulan mai ruwan ƙasa, an cusa ta ƙarƙashin katifa ko an ɗora ta saman kabad. A cikinta akwai baƙin fim mai ɗauke da hoton haƙarƙarin wani ɗan gidan, abin da ake ce wa "radiyo" a asibitocin Nijar, maƙwabta a Najeriya kuma su ce "eksire". Ranar da aka dawo da shi daga asibiti, sai a ɗaga shi saitin taga, kowa ya matso ya leƙa, kowa da abin da ya gani. Daga nan wani ya ɗauke shi da salula, ya tura wa yaya ko ƙane da ke Tamanrasat, Tripoli, Abijan ko Faransa ta WhatsApp, ya bi shi da saƙon murya: likita ya ce akwai tabo a huhu.

Wanda ke can nesa sai ya aiko da kuɗin magani, ya kuma kwana bai runtsa ba. To amma kalmar "tabo" jakar magori ce. Tana iya nufin ciwon huhu na ƴan kwanaki wanda maganin mako guda zai kawar. Tana iya nufin tarin fuka da ke yaɗuwa a ɗakin da yara ke kwana. Wani lokaci sawun cutar da ta warke tun shekaru goma ne, wani lokaci ƙurar dutsen ramin zinariya ce, wani lokaci kuma laya ce aka manta ba a cire ba kafin a shiga ɗakin hoto. Bambance waɗannan shi ne ke raba wanda zai sha magani wata shida da wanda ba ya bukatarsa, shi ne kuma ke iya hana matashi biza bayan ya riga ya sayar da gona.

Inuwa ce aka ɗauka

Ranar 8 ga Nuwamba 1895 ne Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano wani haske da ido ba ya gani, wanda ke ratsa nama ya fita ta bayansa. Makonni kaɗan bayan haka ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwa da zobe suka fito, a 1901 kuma aka ba shi kyautar Nobel. Har yau dabarar ba ta sauya ba: ana harba hasken ta cikin ƙirji, abin da ya tsallake ya faɗa kan fim ko allon na'ura ya baƙanta shi. Iska ba ta tare shi, saboda haka inda take sai ya fito baƙi. Nama, jini da ruwa suna tare wani ɓangare, su fito toka-toka zuwa fari. Ƙashi ya fi su fari, ƙarfe kuma fari fat.

Wannan ne ya sa abin da ke tsorata ƴan gida sau da yawa ba abin tsoro ba ne. Manyan baƙaƙen wurare biyu, hagu da dama, su ne huhu, kuma lafiyayyen huhu baƙi yake fitowa domin iska ce ta cika shi. Farin abin da ke tsakiya, wanda ya ɗan karkata gefe guda, zuciya ce. Ƴan siraran layukan da suka bazu kamar jijiyar ganye hanyoyin jini ne.

Sai dai inuwa tana da iyaka. Wanda ya ga inuwar itace a jikin bango ba zai iya cewa wane reshe ne a gaba, wane ne a baya ba. Haka hoton ƙirji yake tattara fata, haƙarƙari, huhu, zuciya da ƙashin baya a shafi guda, shi ya sa likita kan nemi a ƙara ɗauka ta gefe. Kuma ruwa, mugunya, jini da ƙari duk kusan fari iri ɗaya suke bayarwa. Hoton ba ya rubuta sunan cuta, siffa kawai yake nunawa.

Kafin a kai ga huhu

Ƙwararren mai karanta hoto ba ya fara da neman tabo. Suna da kwanan wata yake fara dubawa, domin a ranar da aka yi cunkoso ambulan kan shiga hannun da ba nata ba. Sannan ya nemi harafin D ko G a kusurwa, wato dama ko hagu da Faransanci. Ana kallon hoton ne kamar mutum na tsaye yana fuskantar mai kallo, saboda haka huhun dama yana hannun hagun mai dubawa. Ƴan gida da suka juya fim ɗin a taga sukan tayar da hankali cewa zuciya ta koma dama.

Daga nan sai ingancin ɗaukar. Akwai dalilin da ya sa ma'aikacin ɗakin hoto ke cewa a manna ƙirji da allo, a riƙe ƙugu, a turo kafaɗu gaba, a ja numfashi sosai a riƙe. Turo kafaɗu yana kawar da allon kafaɗa daga kan huhu. Jan numfashi kuma yana buɗe huhun. Likita kan ƙirga haƙarƙari, in ya samu tara zuwa goma ta baya ya san an cika ƙirji. Idan mutum bai ja iska sosai ba, ƙasan huhu zai cushe ya yi fari kamar mai ciwo, zuciya kuma ta yi kamar ta kumbura. Haka nan hoton da aka ɗauka majinyaci na kwance a gado, hasken ya shiga ta gaba, yana ƙara wa zuciya girman da ba nata ba. A hoton da aka ɗauka a tsaye yadda ya kamata, faɗin zuciyar babban mutum bai kamata ya wuce rabin faɗin ƙirji ba.

Akwai kuma baƙin da ba a gayyata ba. Kitso mai kauri da ya sauko kafaɗa yana iya yin inuwa a saman huhu, daidai wurin da ake neman tarin fuka. Laya, guru, sarƙa, maɓalli da ƙarfen rigar mama duk suna fitowa. Ko kan nono, na mace ko na namiji, yakan fito kamar ɗan ƙari zagayayye a ƙasan huhu. Kunyar cire laya a gaban ma'aikaci ta sa an sake wa mutane da dama hoto, kuɗi biyu ke nan.

Fari iri-iri

Huhun dama kashi uku ne, na hagu kashi biyu. Idan ƙwayar cuta ta kama kashi ɗaya, ƴan jakunkunan iskar da ke ciki su cika da mugunya, wurin sai ya yi fari, amma bututun iskar da suka ratsa shi su kasance baƙaƙe kamar rassan itace a cikin hazo. Wannan siffa, a jikin wanda ya kwana uku da zazzaɓi mai zafi, tari da sukar haƙarƙari, ita ce ta nimoniya.

Wani likita ɗan Amurka, Benjamin Felson, ya yaɗa wata dabara a 1950 wadda har yau ɗaliban likitanci ke haddacewa. Ana ganin gefen zuciya sarai ne saboda farar zuciya tana jingine da baƙin huhu. Idan ɓangaren huhun da ke manne da ita ya cika da ruwa, fari ya haɗu da fari, iyakar sai ta ɓace. Saboda haka in gefen zuciya na dama ya dushe, ciwon yana kashin tsakiya ne, ta gaba. In kuwa ga farin amma gefen zuciyar na nan raɗau, ciwon yana can baya. Da hoto guda, likita ya san zurfin abin da yake nema.

Ruwan da ya taru tsakanin huhu da bangon ƙirji nasa salon daban ne. Yana gangarawa ƙasa, ya fara cike kusurwa mai tsini da ke gefen ƙasan ƙirji, samansa ya lanƙwasa kamar ruwa a ƙwarya. Sai ya kai kimanin kashi ɗaya cikin biyar na lita kafin a fara ganinsa a hoton gaba. A jikin matashi a yankin Sahel, tarin fuka na cikin abubuwan da ake fara zargi, amma ciwon zuciya, mugunya da kansa duk suna tara ruwa, sai an zuƙo shi da allura an auna. In gefe guda ya yi fari gaba ɗaya, maƙogwaro ake duba: ruwa mai yawa yana ture shi zuwa ɗaya gefen, huhun da ya toshe ya motse kuma yana janyo shi wajensa.

Baƙin da ya yi yawa shi ma magana ce. Bayan hatsarin babur, sukar wuƙa, ko ma haka kawai a jikin dogon siririn saurayi, iska kan kuɓuce ta taru a wajen huhu ta matse shi. A hoto sai a ga wuri baƙi ƙirin, babu layin jini ko ɗaya a cikinsa. In iskar na ƙaruwa, mintoci ne ke tsakanin mutum da ajali.

Wani lokaci kuma huhu yana ɗaukar laifin zuciya. Idan zuciya ta gaza, ruwa yana komowa cikin huhu, hoton ya nuna ta faɗaɗa, da fari a ɓangarorin biyu kamar fikafikan jemage. An daɗe da sanin cewa gazawar zuciya bayan haihuwa ta yi yawa a arewacin Najeriya da Nijar. Mai jego da ke tari, ƙafafu sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta, maganin tari ba zai yi mata komai ba. Mai asma kuwa, duk da wahalar da yake sha, hotonsa yawanci tas yake fitowa.

Kogo da gero

Tarin fuka, wanda Robert Koch ya bayyana ƙwayarsa ranar 24 ga Maris 1882, shi ne babban abin da ake farauta da hoton ƙirji a Afirka. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.8 suka kamu da shi a 2023, miliyan 1.25 kuma suka mutu.

A jikin baligi, cutar ta fi son saman huhu, can bayan ƙashin da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa. Tana cin naman wurin, ruɓaɓɓen ya fita cikin kaki, ya bar rami. A hoto ana ganin farin zobe mai baƙi a tsakiya, abin da likitoci ke kira kogo. Kogo guda yana ɗauke da miliyoyin ƙwayoyi, kuma yana da ƙofa zuwa maƙogwaro, don haka mai shi ya fi kowa yaɗa cutar ga waɗanda yake kwana da su.

Wata siffar kuma sunanta ma daga gona aka samo shi. Idan ƙwayar ta shiga jini, takan watsu ko'ina cikin huhu, ta fito da ƴan ɗigo masu faɗin milimita 1 zuwa 3, dubbai, daga sama har ƙasa. Likitocin Turai na da suka ce sun yi kama da ƙwayar gero, suka raɗa musu suna daga kalmar Latin ta gero, kuma ita ce "miliaire" da ake gani a takardun sakamako. Duk wanda ya taɓa ganin gero ya zube a baƙar tabarma ya san hoton. Wannan nau'in na gaggawa ne, domin yakan kai ga ƙwaƙwalwa.

A jikin yara ƙanana, kogo bai cika samuwa ba. Kaluluwar da ke gindin huhu ce ke kumbura. Jarirai kuma suna da wani nama a saman zuciya mai fitowa kamar tutar jirgin ruwa, lafiyayye ne, yana raguwa da girma, amma ya sha ruɗa wanda bai saba da hoton yara ba. Mai ɗauke da ƙwayar sida wanda garkuwarsa ta yi ƙasa sosai yana iya fama da tarin fuka hotonsa ya fito kamar ba komai.

Duk da haka, hoto zargi yake kawowa, kaki ne ke yanke hukunci. Tun Disamba 2010 OMS ta amince da na'urar GeneXpert, wadda ke gano ƙwayar cikin kimanin awa biyu, ta kuma faɗi ko ta bijire wa rifampisin, babban maganin cutar. Wannan bayani hoto ba zai taɓa ba da shi ba, kuma shi ne ke raba wanda zai sha maganin wata shida da aka saba da shi, wanda shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka ke bayarwa kyauta, da wanda ke bukatar wani haɗin daban. Nijar tana da tarihi a nan: tun 2008, tare da ƙungiyar Action Damien, ta fara gwada gajeren magani na tarin fuka mai bijirewa, kuma sakamakon farko da aka wallafa a 2014 ya nuna 58 cikin majinyata 65 sun warke.

Amfanin hoto shi ne kamo wanda bai san yana da cutar ba. Binciken gida-gida da aka yi a ƙasashen Afirka da Asiya ya nuna kusan rabin waɗanda aka tabbatar da ƙwayar a kakinsu ba su kawo kukan alamun da aka saba tambaya ba. Suna zuwa kasuwa, suna zama a fada ana shan shayi, hoto ne kawai ya tona.

Ƴan zinariya da ƙurar da ba ta fita

Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, dubban matasa daga kudancin ƙasar suka nufi arewa. Kafin nan akwai Komabangu a jihar Tilaberi, bayan nan kuma ga Ɗan Isa a jihar Maraɗi, inda rami ya rufta a Nuwamba 2021 ya kashe aƙalla mutum 18. Ruftawar rami ana jin labarinta a ranar. Akwai wata ɓarnar da sai bayan shekaru take bayyana, a hoton ƙirji.

Dutsen da zinariya ke ciki yana ƙunshe da sinadarin silika. Idan aka huda shi a busasshe a cikin rami, ko aka daka shi, ko aka niƙa shi a inji, yana tashin ƙura mai laushin da ido ba ya ganin ƙwayarta. Ƙurar hunturu da aka saba da ita, mafi yawanta hanci da maƙogwaro ne ke tare ta. Ta sabon fasasshen dutse kuwa tana wucewa har ƙarshen huhu. Ƙwayoyin garkuwar jiki su haɗiye ta, ta kashe su, wasu su zo su haɗiye, haka dai har wurin ya zama ɗan ƙulli mai tauri. Cutar ita ce silikozis. Ba ta da magani, kuma tana iya ci gaba bayan mutum ya bar ramin ya koma sayar da kaya a kasuwa. A da an san ta da ɗaukar shekara goma ko fiye kafin ta fito, amma inda ƙurar ta yi tsanani shekara biyar ta isa, wani lokaci ƙasa da haka. Masu fasa dutse a wuraren tsakuwa da ke gefen birane, maza da mata, su ma suna cikin wannan haɗari.

A hoto, silikozis ƴan fararen ɗigo ne birjik, masu kama da geron tarin fuka. Amma kama da wane ba wane ba ne. Ɗigon silika sun fi taruwa a sama, sun fi fitowa sarai, kuma mai su yakan shigo da ƙafarsa babu zazzaɓi, sai dai haki in ya yi sauri. Mai geron tarin fuka kuwa yawanci a galabaice ake kawo shi. Wani lokaci kaluluwar gindin huhu takan yi farin zobe siriri kamar ɓawon ƙwai, alamar da ke karkatar da tunani zuwa ga ƙura. Idan cutar ta yi nisa, ƙulle-ƙullen su haɗe su zama manyan dunƙule a sama ta ɓangarorin biyu, har a ɗauka kansa ce.

Inda ake yin kuskure shi ne nan. Matashi ya dawo daga daji yana tari, hoto ya nuna ɗigo, kaki bai nuna komai ba, aka ɗora shi kan maganin tarin fuka bisa zargi. Ya sha wata shida, aka sake hoto, ɗigon na nan yadda suke. Sai a ce maganin bai yi ba, a sake wani zagaye, dangi kuma su koma wajen mai magani. Kuskuren yana iya juyawa ta ɗaya gefen, domin silikozis tana ninka haɗarin kamuwa da tarin fuka kusan sau uku ko fiye, kuma cututtukan biyu sukan zauna a huhu ɗaya. Wanda aka ce masa "ƙura ce kawai" bai tsira ba; duk lokacin da zazzaɓi, zufar dare ko rama suka shigo, sai an sake gwada kaki.

Tambaya guda ce ke warware rabin wannan ruɗani, ita ce wane aiki mutum ya yi, shekara nawa, a cikin rami ko a bakin inji. In likita bai tambaya ba, majinyaci ya faɗa da kansa, ko da shekara takwas ke nan da barinsa Cibarakaten. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta kira babban taro kan wannan cuta a Johannesburg tun 1930 saboda mahaƙan zinariyar Afirka ta Kudu, tana da jerin hotunan gwaji da ake ajiyewa gefe da gefe da na ma'aikaci don auna yawan ɗigon. Ga waɗanda har yanzu ke cikin aikin, rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tace irin wannan ƙura. Abin da aka tabbatar yana rage ta shi ne jiƙa dutse da ruwa lokacin huda da niƙa, da takunkumi mai lamba FFP2 ko N95 da ya kama fuska sosai.

Tsohon tabo a gaban mai ba da biza

Huhun da ya warke daga tarin fuka ba ya komawa sabo. Yakan bar zare-zaren tabo a sama, ko ƴan ɗigo masu fari kamar alli, wani lokaci kogon ma ya zauna a buɗe. Irin wannan mutum yana iya ci gaba da tari alhali babu ƙwaya ko ɗaya a jikinsa. Akwai kuma wata hunhuna da kan shiga tsohon kogo ta dunƙule kamar ƙwallo, ta riƙa sa tarin jini. Maganin tarin fuka ba ya taɓa ta, ko an sha sau uku.

Ga masu shirin fita waje, wannan tabo yana da farashi. Birtaniya tana bukatar takardar gwajin tarin fuka daga ƴan ƙasashe da dama, ciki har da Nijar, Najeriya, Gana da Kamaru, in za su zauna fiye da wata shida. Ana yin hoton ne a asibitin da ta amince da shi, takardar kuma wata shida take aiki. In aka ga abin zargi, sai an karɓi kaki sau uku an shuka shi, jiran sakamakon kan kai mako takwas, lokacin da ya isa ɗalibi ya rasa farkon zangon karatu. Kanada tana neman hoton daga shekara 11, Amurka daga shekara 15 ga masu neman zama. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuma suna tace ma'aikata da hoton ƙirji, kuma an sha mayar da mutane gida saboda tabon cutar da ta daɗe da warkewa. Wanda ya taɓa shan magani, katin jinyarsa da tsoffin hotunansa suna da daraja kusan ta fasfo, kuma gara ya je gwajin da wuri.

Ido biyu, da na kwamfuta

Ido ba mudu ba ne. Binciken da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1940 ya nuna ƙwararrun masu karanta hoton tarin fuka suna saɓa wa juna a kusan hoto ɗaya cikin uku, kuma in aka dawo wa mutum da hoton da ya riga ya karanta, yakan saɓa wa kansa a kusan ɗaya cikin biyar. Akwai wuraren da abu ke ɓuya: bayan zuciya, bayan ƙashin wuya, gindin huhu, da can ƙasa bayan tantanin da ya raba ƙirji da ciki. A Nijar kuma ƙwararrun likitocin hoto da na huhu sun fi taruwa a manyan asibitocin Yamai, irin su Babban Asibitin Ƙasa da na Amiru Bubakar Jallo da ke Lamorde, sai na Damagaram da Maraɗi. A gundumomi, babban likita ne ke karanta hoton tsakanin majinyaci da majinyaci.

Wannan giɓi ne ya sa a Maris 2021 OMS ta amince a yi amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira wajen tace hotunan ƴan shekara 15 zuwa sama don neman tarin fuka. Daga cikinsu akwai CAD4TB ta Holan, qXR ta Indiya da Lunit ta Koriya ta Kudu. Manhajar tana duba hoton cikin ƙasa da minti guda, ta shafa launi a inda take zargi, ta ba da maki. Wanda makinsa ya haura iyakar da aka sa, a karɓi kakinsa. A jihohin Najeriya da dama ana yawo da irin waɗannan na'urori a mota ko a jakar goyo, har ƙauyuka da gidajen yari. Sai dai ita ma inuwar take kallo. Tsohon tabo da ƙurar dutse suna ɗaga mata maki, kuma ba ta san wanda ya taɓa shiga rami ba.

Inda hoton ya gaza, ana komawa ga sikana, wadda ke yanka ƙirji fala-fala ta nuna abin da ke bayan zuciya da ƙananan ƙulle-ƙullen da fim ke rasawa. Ita ce ta fito da "hazon gilashi" da aka yi ta ambata a lokacin korona. Tana da tsada, kuma haskenta ya fi yawa: hoton ƙirji guda bai wuce abin da jiki ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin kwana goma ba, na sikana kuwa yakan kai na kusan shekara biyu. Mai juna biyu ta sanar kafin a ɗauka, ko wane iri ne.

Hoton da ake turawa ta WhatsApp kuwa, shi ne mafi rauni a cikinsu duka. An ɗauke shi a karkace, ƙarfen taga da itacen tsakar gida sun fito ta bayansa, manhajar kuma ta matse shi har ɗigon milimita biyu sun narke. In dole ne a tura wa wani likita a waje, a ɗora fim ɗin kan farin allon kwamfuta mai haske a ɗaki mai duhu, a kashe fitilar salula, a tura shi a matsayin fayil tare da takardar sakamako, shekarun majinyaci, tsawon lokacin tarin, aikinsa da sakamakon kaki.

Kuma hoto yana bin jiki a baya. Mai nimoniya kan miƙe cikin mako guda, amma farin da ke huhunsa yana iya kai mako shida kafin ya washe, saboda haka sake hoto bayan kwana biyar ɓarnar kuɗi ce. Ga wanda ya haura shekara 50 kuma yana shan taba, sake shi bayan mako shidan wajibi ne, domin kansa kan ɓuya a bayan nimoniya. A nan ne ambulan ɗin ƙarƙashin katifa ke da rana, muddin ba a naɗe fim ɗin ba, ba a kuma bar shi cikin zafi ko damshi ba. Ɗan ƙulli da aka gani yau, in yana nan da girmansa a hoton shekara biyu da suka wuce, likita yakan kwantar da hankalin mai shi. In babu shi a wancan hoton, sai a rubuta takardar sikana.